Jirgin da Aka Raɗa wa Suna a Bakin Garke

Jiya da hantsi ina shanya a tsakar gida sai ga ƙarar nan ta tsaga sama, irin wadda take sa gilasan taga rawa, ta sa kajin maƙwabta su rasa inda za su sa kansu. Kafin in ɗaga kai jirgin ya wuce, sai ƙarar da ya bari a baya. 'Yata ta fito da gudu da waya a hannu, ta latsa nan ta latsa can, ta karanto mini wani harafi da wasu lambobi, ta ɗora da wani suna na Turanci mai kama da kirarin ɗan dambe. Na ce mata wannan ai sunan takarda ne, ta tambayi wayar tata yadda masu wanke shi da masu ɗaure masa kusoshi suke kiransa. Ta yi mini kallon nan da yaran yanzu suke yi wa iyayensu. Ban ga laifinta ba. Ba ta san uwarta ta taɓa rubuta takardar raɗin sunan jirgin yaƙi da hannunta ba, tana aji biyar na firamare.

Zan ba ka labarin, amma sai ka yi haƙuri mu fara ta kan shanu, don a gidanmu komai ta kan shanu yake farawa.

A Mainika na tashi, cikin ƙasar Gwarzo, a gidan kakana na wajen uba wanda kowa yake ce wa Alhaji. Asalinmu makiyaya ne, amma kafin in yi wayo mun riga mun zauna, muna noman gero da dawa da gyaɗa kamar kowa. Fulatancin ma ya gudu ya bar mu, sai 'yan kalmomin da Inna, kakata, take zagin awaki da su. Garke kuwa yana nan bayan gida. Da damina, idan rana ta yi sanyi, akan tara ɗanyen ganye a kunna don hayaƙi ya kori sauro da ƙudaje, shanun su kewaye shi suna lumshe ido. Warin hayaƙin nan da na jiƙaƙƙen taki da na sabuwar madara, har gobe idan na shaƙi ɗaya daga cikinsu sai sauran biyun su zo mini da kansu.

Alhaji kaɗai yake sa wa saniya suna, kuma ba ya gaggawa. Maraƙa takan yi wata biyu, wata uku, ba a ce mata komai sai "'yar wance". Idan muka dame shi sai ya ce shi ba ya sa suna sai ya ga fitarta ya ga dawowarta. Haka muka samu Ta-Baya, wadda ko yunwa ba ta sa ta sauri, da Shan-Inuwa, wadda ba ka nemanta ko'ina sai gindin bishiya, da Marka, da aka haifa a tsakiyar ruwan da ya yi kwana huɗu bai ɗauke ba. Wata shekara malaman dabbobi suka zo allura, suka maƙala wa kowace lamba a kunne suka rubuta a littafinsu. Bayan sun tafi Alhaji ya tsaya bakin garke ya kira lamba ɗaya da ƙarfi, da gangan. Babu wadda ta ko kaɗa wutsiya. Ya ce "Marka," can ƙasa-ƙasa, sai ga ta tana ture 'yan'uwanta tana tahowa. Mun yi dariya ranar har Inna ta leƙo ta ce ko mun samu taɓi ne.

Akwai suna ɗaya da na tashi ina jin labarinsa amma ban taɓa jin an kira shi a garke ba. San-Gida. Sunan wata farar karsana ce da Alhaji ya ba ɗansa na fari, wato Baffa, yayan babana, ranar sunansa, kamar yadda ake yi wa kowane jariri a gidanmu. An ce ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ko makiyayi ya ɓata hanya, ita za ta shiga gaba ta kawo garken har ƙofar gida. Da ta tsufa 'yarta ta gaji sunan, bayan ita jikarta. Sai Baffa ya gama makaranta a Gwarzo, ya tashi wata safiya bai yi sallama da Alhaji ba, ya tafi ya shiga sojan sama, ya zama makaniken jiragen yaƙi. Alhaji bai yi faɗa ba, bai yi baki ba. Abin da ya yi shi ne, da mai sunan ta mutu, bai ɗora wa 'yarta ba. Ya bar ta a "Fara" kawai, kamar saniyar da aka sayo a kasuwa jiya. Duk gidan an gane abin da yake nufi.

Ka san a al'adarmu uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, ba ya ma yi masa magana kai tsaye sai dole. Wannan kunya ce, ba ƙiyayya ba, kowa ya sani. Amma ko a cikin kunyar akwai mai daɗi akwai mai ɗaci. An ce da can Alhaji yakan ce "babban yaron nan". Ni da na yi wayo abin da na tarar yana cewa shi ne "wancan na bariki". Duk lokacin da ya faɗa sai in ga Inna ta sunkuyar da kai tana gyara ƙwaryar da ba ta karkace ba. Ita ma ɗan farinta ne, ba ta da bakin kare shi. Abin yana ci mata rai, kuma ko ni da nake yarinya ina jin zafinsa.

Ni kuwa ina da wata dama da babu mai ita a gidan. Jika ce ni, kuma mace, don haka ni ce "amaryar" Alhaji. Yana ce mini na cika ci ba na aiki, zai sake ni ya auro wata daga Masanawa, garin su Inna a ƙasar Kabo, inda ya ce mata sun fi iya dama fura. Ni kuma in ce masa tsohon miji mai haƙori uku, wa zai kwashe shi in ba ni ba. Abin da babana ba zai iya tunkararsa da shi ba, ni sai in faɗa ina zaune a kan tabarmarsa ina cinye masa dabino.

A daminar da nake ba ka labari, muna dogon hutu, Baffa ya zo gida na mako ɗaya. Ya kawo burodi da kifin gwangwani, kuma ko ya yi wanka da wane sabulu warin man inji ba ya barin hannunsa. Bayan la'asar muka tsare shi a gindin darbejiyar ƙofar gida, mu yara, muna yi masa tambayoyin banza da na kirki. Alhaji yana can gefe a kan buzunsa, ya ba mu baya, yana tufka igiya. Ni ce na tambaya ko jiragen nasu suna da suna.

Baffa ya ce ai jirgin yaƙi ya fi ɗan sarauta yawan suna. Da farko can ƙasar da aka ƙera shi ake ba shi harafi da lamba. Harafin yana faɗin aikinsa, ko na faɗa da wasu jirage ne, ko na jefa bam, ko na koyar da tuƙi. Lambar kuma tana faɗin na nawa ne a jerin irinsa. Sannan manya su zauna a ofis, a kawo musu sunaye a takarda, su zaɓi mai ban tsoro: shaho, gaggafa, damisa, guguwa, tsawa. Har abokan gaba ma, in ji shi, sukan laƙa wa jirgin nasu sunan daban, gajere, wanda za su iya faɗa da sauri a rediyo, kuma ba sa wahalar da kansu wajen neman mai daɗi. Bayan wannan akwai lambar da ake rubutawa a wutsiya, wadda take bambanta shi da 'yan'uwansa.

"Amma duk wannan na takarda ne," in ji Baffa. "Sunan gaskiya mu muke sa shi, mu da muke kwana muna tashi da su. Akwai wani a ƙasar waje da ofis ya sa wa sunan tsawa, masu aiki da shi suka duba muninsa suka ce wannan ai mugun dawa ne. Har yau da sunan suke kiransa, kuma in ka zage shi sai su yi faɗa da kai."

Ya ce a wajensu akwai Mai-Yoyo, da ba ya tsayawa wuri bai bar ɗigon mai ba, da Haɗama, da yake shan mai kamar an aiko shi, da Tsoho, wanda sai an lallashe shi da safe kafin ya tashi. Muna ta dariya. Ni dai na lura hannun Alhaji ya tsaya a kan igiyar. Bai juyo ba, amma tufkar ta tsaya.

Sai Baffa ya rage murya, ko da yake bai rage ta yadda ba za ta kai buzu ba. Ya ce an damƙa masa wani jirgi, shi ne babban makanikensa, ba ya tashi sai ya sa hannu. Har ya canja masa wani farantin ƙarfe a ƙasan cikinsa da hannunsa, fentin bai zo daidai da sauran jikin ba, ya fi duhu. A ƙa'idarsu babban makanike ne yake da ikon sa suna. Wata biyar ke nan abokan aikinsa suna kawo sunaye yana ƙi, har sun fara ce wa jirgin Marar-Suna, yana tsoron kada ya bi shi. Na ce to me ya hana shi sawa. Ya dubi ƙasa ya ce, "A gidanmu ba yaro ne yake sa suna ba."

Mutum mai 'ya'ya uku da gashin baki, wai yaro. A lokacin na gane ba da ni yake ba.

Ranar da zai koma ya kira ni bayan rumbu ya ce mini ranar Laraba da hantsi, idan gari ya yi haske, jirage uku za su bi ta kanmu wajen atisaye su yi yamma, nasa ne na hagu. Ya ce in faɗa wa wanda ya kamata. Da motarsa ta tashi na tafi kai tsaye wajen Alhaji na zauna na zayyana masa komai, har da ƙarin gishiri. Ya ce shi da yake da shanu talatin da zai duba, ina ya ga lokacin kallon gwangwani. Na ce to in bai sa ba ni zan sa, kuma Tsohon-Miji zan sa masa. Ya ɗaga sanda, na ruga.

Larabar farko aka wuni ana ruwa. Babu abin da ya wuce sai gajimare. Da yamma Alhaji ya ce, ba da kowa ba, shi dai Ta-Baya ma ruwa bai taɓa hana ta fita ba. Na kai wa Inna maganar da zafi, ina cewa ya raina wa Baffa jirgi. Sai na ga tana murmushi. Ta ce, "Ke yarinya ce. Da bai jira shi ba, ina zai san bai zo ba?"

Laraba ta biyu gari ya waye tas. Sama ta wanku, gero ya kai kafaɗar babba, ƙasa tana tashin ƙamshin ruwan jiya. Alhaji, wanda ya yi shekaru bai bi shanu kiwo ba saboda gwiwa, ya tashi ya ce yau shi zai kai su fako, wai yaran gidan ba sa kai su inda ciyawa take. Fakon nan fili ne fetal a bayan gari, ciyawarsa ba ta fi ta ko'ina ba, amma babu bishiyar da za ta tare maka sama. Na bi shi. Ya ce in koma, na ce mace ba ta barin mijinta ya tafi daji shi kaɗai da wannan gwiwar. Kafin hantsi ya ɗaga rabin unguwa ta taru a fakon, don ni ban iya riƙe magana ba. Har Inna ta zo da ƙwaryar nono a ka, wai hanya ce ta biyo da ita.

Ba mu ji zuwansu ba. Wani ne ya nuna gabas ya yi ihu, sai ga abubuwa uku kamar tsinin mashi, ƙasa-ƙasa, sun taho shiru. Suna giftawa ƙarar ta faɗo mana a ka. Wayyo, ranar na ga gudu! Shan-Inuwa ta tsallake kunya uku ta faɗa gonar mutane, Ta-Baya ta shiga gaban kowa karo na farko a rayuwarta, jakin maƙwabcinmu ya yar da shi a cikin taɓo, ƙwaryar Inna ta kife, nono ya bi mata fuska tana salati tana dariya. Ni kaina na tsinci kaina a ƙarƙashin rigar Alhaji, ban san lokacin da na shiga ba. Shi kuwa ko gezau. Yana tsaye, ya dogara da sanda, ya kare ido da tafin hannu, yana bin su da kallo har suka zama ɗigo.

Sai na tuna aikina, na rikice. Hagun wa? Hagunmu ko hagun mai tuƙi? Na fara kuka ina cewa na ɓata komai, ban san wanne ne na Baffa ba. Alhaji ya ce, "Rufe mini baki. Mai tabo a ciki ne." Ni wallahi ban ga tabo ba, ban ga ciki ba, da ƙyar na ga jirgin. Amma mutumin da yake bambance fararen shanu talatin daga nesa ba zan yi masa musu ba. Kuma a nan na tabbatar duk abin da Baffa ya faɗa a gindin darbejiya, har zancen faranti, babu wanda ya faɗi ƙasa.

Mutane suka watse suna maida labari, yara suka bi shanu suna tattarowa. Na ce wa Alhaji to sunan fa. Ya ce fita kawai ya gani. Ya nemi wani tudu ya zauna. Rana ta take, inuwarmu ta dawo ƙarƙashinmu, gumi yana bin wuyansa, na yi magiya na gaji ya ƙi tashi. Ban san ko za su dawo ta nan ba, Baffa bai ce ba. Ina zaune ina addu'a a zuci kada su bi wata hanya, don na san idan ya tashi daga tudun nan ba suna, ba zai sake zama ba.

Can sai ga su daga yamma, sun fi ɗazu nisa a sama, ɗaya a gaba biyu a baya. Alhaji ya miƙe ba tare da sanda ba. Na ji yana ƙirgawa a hankali, ɗaya, biyu, uku, yadda yake ƙirga shanu da magariba. Ya ce mai tabon ne a gaba. Ya daɗe yana kallon inda suka ɓace, sannan ya share fuska da hannun riga, ya ce rana ce ta shigar masa ido.

"Kina da takarda a jakar makarantar nan taki, ko ita ma kin cinye?"

A zaure na rubuta, da fensir, a takardar da na yago daga tsakiyar littafin lissafi. Na zaci doguwar wasiƙa zai faɗa, na gyara zama. Ya ce in rubuta: an ga fitarsa, an ga dawowarsa, sunansa San-Gida. Shi ke nan. Na ce ba gaisuwa? Ya ce in ƙara da cewa amaryarsa tana gaisuwa, in ta ga dama. Inna tana bayan ƙofa da guntun nono a goshi, na ji ta ja numfashi, sannan ta saki guɗa, ita da ban taɓa jin ta yi guɗa ko a biki ba. Daɗin da na ji ranar ban san da me zan kwatanta shi ba, don haka ba zan kwatanta ba.

Bayan girbi Baffa ya zo. Ya kawo hoto: shi a tsaye cikin kayan aiki, ya dafa wata 'yar ƙofa a jikin jirgin inda taya take shiga, a cikinta an rubuta sunan da farin fenti, ƙanana, inda babu mai gani sai masu aiki. Ya ce a takardun ofis har yanzu harafi ne da lamba, amma daga mai tuƙi har mai shara babu wanda yake ce masa komai sai San-Gida, har waɗanda ba sa jin Hausa. Ni aka ba hoton na kai. Alhaji bai iya karatun boko ba, ya sa na nuna masa inda sunan yake, ya ɗora yatsa a kai. Baffa yana durƙushe nesa kaɗan, kansa a ƙasa. Alhaji bai dube shi ba, kunya tana nan inda take. Ya dai ɗaga murya ya yi magana da cikin gida.

"A dama wa mai San-Gida fura. A sa nono da yawa."

Daga ranar har ya bar duniya ban sake jin "wancan na bariki" a bakinsa ba. A daminar da ta biyo Fara ta haifi mace, kuma wannan karon Alhaji bai kai wata biyu ba ya sa mata San-Gida.

Yanzu fakon nan duk gidaje ne da shaguna, garken ya ragu zuwa shanu bakwai, yaran gidan sun fi sanin sunayen jirage a waya fiye da sunayen abin da yake ɗaure a bayan ɗakinsu. Jirgin ma an daɗe da ajiye shi, Baffa ya ce yana can wani gefe ciyawa ta kewaye tayoyinsa. Shi kansa ya yi ritaya ya koma Mainika, gwiwarsa ta fara irin ta Alhaji, shi ne yake sa suna yanzu, kuma ya fi Alhaji jan rai. Jiya bayan na gama shanya na kira shi na ce wani ya wuce ta kanmu, jikarsa ta karanto mini sunansa a waya. Ya yi dariya ya ce in bar ta da wayarta. Sannan ya ce, "Kin ga dawowarsa?" Na ce ban tsaya ba, ina da girki. Ya ce ashe har yau ban koyi komai a wajen tsohon mijina ba. Ina ajiye wayar na rage wutar risho, na jawo kujera tsakar gida, na kira 'yata na ce ta zo ta zauna, akwai abin da za mu jira.